Laftop ko Tablet: Wanne Ya Dace da Marubuci?



Yawancinmu a waya muka fara rubutu, da babban yatsa. Da zarar an ɗan tara kuɗi sai tambaya ta taso: laftop mai araha za a saya ko tablet? Ina amfani da duka biyun, ga abin da na lura.

Tablet tamkar allon almajiri ne: fuska ce kawai, kamar inci 10, nauyinsa wajen rabin kilo, ko a kishingiɗe sai ka riƙe abinka. Batirinsa kan yi awanni da dama, in ya mutu ka jona fawa-bank ko 'yar sola. Inda ake kwana biyu ba a ga wuta ba, wannan babbar riba ce. In ka sa Gboard na Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan kusa da yatsanka. A kansa nake karanta littattafai, nake kama tunanin da ya faɗo mini cikin dare.

Sai dai madannansa a kan gilashi suke, suna cinye rabin fuskar. Layi biyar kake gani, sauran labarin ya ɓuya.

Laftop kuwa sai ka zauna masa, ka buɗe shi, ka sa yatsu goma. A fuskarsa mai inci 14 nake jera babi na 3 da na 20 gefe da gefe, in duba ko jarumar da ta fara da Hindatu ba ta rikiɗe ta koma Hafsatu ba. Gyaran shafi 200 a nan yake yiwuwa cikin kwanciyar hankali. Windows ma yana da madannan Hausa, kunnawa kawai za ka yi.

Rauninsa batir ne, musamman na hannu. Kafin ka biya, cire caja ka ga yadda zai jure, ka danna kowane harafi, ka nemi mai SSD, don ya fi saurin tashi.

Idan gajerun labarai kake yi kuma wuta na wahala a unguwarku, tablet da ƙaramin kibod na Bluetooth sun ishe ka. Idan kuwa dogon littafi ne ke jiran gyara a hannunka, ka ƙara haƙuri ka tara na laftop. Ni dai a kansa nake kai rubutuna ƙarshe.

Allah Ya ƙara basira.