Asusun Ƙanƙara

Mai karatu, in har da finafinan Indiya ka tashi, na san ka san wurin nan da jarumi ke ware hannuwa yana waƙa, jaruma na gudu cikin sari shara-shara, ga duwatsu fari fat a bayansu. Muna yara mun ɗauka duk a Indiya ne. Sai da muka girma muka gane da yawa a Suwizalan aka ɗauko su, kamar na cikin Chandni na 1989 da Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Kai, har mutum-mutumin Yash Chopra aka kafa a garin Interlaken a 2016, saboda baƙin da finafinansa suka jawo wa ƙasar.

To, mu huɗu ne abokai tun sakandare: ni, da mai shagon wayoyi, da ma'aikacin banki, da malamin makaranta. Zan sakaya sunayensu. Wani dare a farkon 2023 muna majalisa bayan isha'i, na banki ya nuna mana bidiyon wasu samari suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Allo guda ne ake ɗaure wa mutum ƙafafunsa biyu a kai, ya tsaya a karkace, ya sulalo daga kan dutse. Sinobod sunan abin, kuma tun 1998 ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan. Mai waya ya buga cinya ya ce, "Wallahi sai mun je mun yi wannan a inda su Kajol suka yi rawa!" Aka yi dariya, amma kafin a watse an yanke shawarar buɗe asusu, kowa ya riƙa zubi duk wata. Ni aka damƙa wa littafin lissafi.

A nan na gane ganin kitse muke wa rogo. Mun zaɓi Grindelwald, kusa da Interlaken, mun kuma tsayar da Janairun 2025, don ƙanƙara ta zauna a lokacin, ga shi azumi sai farkon Maris. Sai lissafi ya fara haihuwa. Akwai bizar Shengen, wadda kuɗinta ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024. Akwai inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000, kuma sai ka duba da kyau ko ta haɗa da wasan ƙanƙara, domin ɗan koyo faɗuwa yake ta yi, kuma wuyan hannu ne ke fara jin jiki. Ga hayar allo da takalma da hular kwano, ga katin hawa motar igiya da ke kai mutum saman dutse, ga ladan mai koyarwa. Ko kilishin da muka so riƙewa guzuri bai tsira ba, don an hana shiga ƙasar da nama daga wajen Tarayyar Turai.

Sannan ga Naira. Bayan an sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, Dalar da ba ta kai Naira 500 a farashin hukuma ba ta haura 1,500 a cikin 2024. Sau biyu muna ƙara kuɗin zubi. Duk lokacin da na ce, "An yarda?" sai kowa ya ce an yarda. Malam ne ma ke riga kowa biya.

Wata ranar Asabar na hango shi yana saukowa daga Adaidaita Sahu, rungume da takardun jarrabawar ɗalibai. Na ce, "Malam, ina mashin?" Ya ce yana wajen gyara. Bayan sati biyu na sake tambaya, ya yi shiru, can ya ce, "Mutumina, na sayar. Da shi na yi zubin wata huɗu."

Wallahi sai da jikina ya mutu. Na ce, "Haba Malam, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Tun muna aji ɗaya ba a taɓa yin abu an bar ni a baya ba. Yanzu da furfura zan fara?"

Ka ga inda laifina yake, mai karatu. Na san kuɗin hayar takalmi a Grindelwald, amma ban san halin da aljihun abokina na shekara ashirin da ɗoriya yake ciki ba. A gaban jama'a nake tambayar "an yarda?", alhali Bahaushe gara ya ci bashi da ya ce ba shi da shi a tsakiyar majalisa. In kai da abokanka kuna shirin irin wannan tafiya, ka keɓe kowa shi kaɗai ka ji ƙarfinsa tun kafin a zaɓi ƙasa, sannan a yanka tafiyar daidai da mafi ƙarancin aljihu. Ku kuma rubuta tun farko yadda mai son janyewa zai karɓi kuɗinsa ba tare da an yi masa kallon banza ba.

Ba mu je ba a 2025. Mun fasa asusun, Malam ya sayi wani mashin, duk da bai kai na da ba. Mai waya ya yi fushi na sati uku, sannan shi da kansa ya kawo shawarar a koma zubi kaɗan kaɗan, a kuma duba dutsen Erciyes da ke kusa da Kayseri a Turkiyya, inda ba za a sha wahalar abincin halal ba. Yanzu Malam ne ke riƙe da littafin. Rigunan sanyi huɗu da na sayo a gwanjon Ƙofar Wambai suna nan a ƙasan akwatina, duk hunturu nakan fito da su in shanya.