Tsallen kwaɗo da gwiwar yaro

Malamai 'yan'uwana, akwai horon da nake so mu sake dubawa: tsallen kwaɗo. Shekara 20 ke nan ina koyarwa, kuma nan Waca kusan kowace shekara sai na ga ɗan aji biyar ko shida yana ɗingishi, ƙasan gwiwarsa a kumbure. Iyaye su ce sanyi ne, malami ya ce lalaci.

Ga abin da ke faruwa. Tsokoki huɗu na gaban cinya suna haɗuwa a jijiya guda, ta bi ta ƙoƙon gwiwa, ta kama saman ƙashin ƙwauri. Ita ke miƙe ƙafa duk sanda mutum ya tashi daga tsugune. Ga babba, makamar nan ƙashi ce mai ƙwari. Ga ɗan shekara 10 zuwa 15 kuwa, guringuntsi ce da ba ta ƙosa ba, yawan fizga sai ta kumbura. Tun 1903 likitoci biyu, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, suka bayyana wannan ciwo.

Yaron nan ya tako daga ƙauye, ya ja ruwa a rijiya, ya buga ƙwallo. Sannan a ƙara masa tsalle 50 a tsugune?

Yawanci hutu ke kwantar da ciwon. Iyaye, in zafin ya hana barci ko ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Wanda ya makara kuma, a ba shi shara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ce a karya shi ba.