Kyamara Ta Ɗan Jira

A Tamale, duk wanda ya ƙudura haɗa ɗan ɗakin ɗaukar bidiyo a gida, kyamara ce ke fara cinye masa kuɗi, alhali ita ce ya kamata ta jira. Wayar Tecno ko Infinix da ke aljihunsa ta wadatar, muddin ya samu abin ɗora ta mai ƙafa uku.

Ni dai sauti nake fara dubawa. Garin nan ba ya shiru: ga babura, ga kekunan haya da ake kira yalo-yalo, ga lasifikar masu talla tun daga Aboabo har Zango. Mai kallo kan yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar murya ta nutse cikin hayaniya, sai ya wuce abinsa. Ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga ya isa maganin wannan, kuma ba ya karya aljihu. Ɗakin siminti kuwa amsa-kuwwa gare shi. A jingina katifa a bango, a rataya saƙi mai ratsi a bayan mai magana. Murya ta zauna, ido ma ya samu abin kallo.

Da hantsi, hasken taga kyauta ne. Matsalar zafin watan Maris ce: dole a kashe fanka saboda ƙararta, fuska ta yi sharkaf da gumi, waya ta ɗau zafi ta tsaya. Ragowar sidi, a ganina, na fitila mai caji ne da fawa-banki, don wuta kan ɗauke ana tsakiyar magana.