A Faɗi Albashi Tun Daga Sanarwa

Jama'a, a cikin aikin malanta akwai wani ɓangare da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba, wato rubuta wa tsofaffin ɗalibai takardar neman aiki. Na rubuta irin waɗannan takardu da yawa, kuma kusan kowace sanarwa aka kawo mini sai in ga an jera satifiket da shekarun ƙwarewa da ake bukata, amma wajen albashi sai a ce "mai tsoka" ko "za a daidaita". Wannan shi ne cinikin biri a sama.

A wasu ƙasashe hukuma ta shiga maganar. Jihar Kolorado ta Amurka ta fara tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su rubuta albashi a sanarwa tun Janairun 2021. Birnin New York, inda 'yan uwanmu na zango da yawa ke neman abinci a unguwar Bronx, ya bi sahu ranar 1 ga Nuwamba 2022: duk mai ma'aikata huɗu zuwa sama sai ya faɗi mafi ƙaranci da mafi yawan abin da zai biya. Kalifoniya ta shigo a 2023. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ba mai neman aiki haƙƙin sanin albashi kafin ganawa, ta kuma hana a tambaye shi nawa yake karɓa a baya.

Dokar ba ta rasa masu yi mata wayo ba. Wasu kamfanoni sun riƙa sa tazara mai faɗin da ba ta gaya wa kowa komai, wasu kuma suka ce ba sa son masu nema daga Kolorado. Duk da haka ina ganin alherinta ya fi yawa, domin ɓoye albashi ba ya cutar da mai uwa a gindin murhu, shi an riga an raɗa masa. Wanda yake cutuwa shi ne yaron da ya ranci kuɗin mota daga Tamale zuwa Ankara, aka faɗa masa abin da ba zai biya hayar ɗaki ba, da yarinyar da kunya ta hana ta tayawa.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce aiki iri ɗaya, lada iri ɗaya. To, ta yaya mutum zai san an tauye shi alhali bai san abin da na kusa da shi ke samu ba? Mu malaman gwamnati muna kan tsarin albashi na bai-ɗaya da aka soma a 2010, kowa ya san matakinsa, kuma hakan bai rage wa kowa daraja ba.

Ina roƙon attajiranmu masu shaguna da motoci da makarantu su riƙa faɗin albashi ba sai doka ta zo ba. Ku kuma matasa, ku tambaya da ladabi kafin ku kama hanya, tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce. Allah ya ba kowa halalinsa.