Madubin da Ke Taɓawa

A layin Tip Toe da ke Circle, wani matashi ɗan Nima mai gyaran waya yana koyon Java da dare. Akwai dabarar da ta shiga Java a 1997, wadda ke ba manhaja damar leƙa cikinta tana tsaka da aiki, ta buɗe gurbin da aka kulle, ta sauya ƙimarsa. Ya raɗa mata suna "madubi". Sunan bai cika ba, domin madubi nunawa kawai yake yi, wannan kuwa har da taɓawa.

Ran nan ya gwada ta a manhajar bashin shagonsu, ya sauya adadi guda. Manhajar ba ta yi gardama ba. Da magariba maigidansa ya ga bashin wata Hajiya ƴar Maamobi ya ninka, ga ta kuma tsaye bakin ƙofa.