Buɗin Tabki a Elmina, Garin Masunta

Da yawa cikinku sun san ƙasar Gana. Wanda bai je ba, to ubansa ko wansa ya je ci-rani can, tun ana ce mata Gwalkwas. Albasar Galmi ma can take sauka, a kasuwannin Kumasi da Akara. Amma mafi yawan masu zuwa, iyakarsu kasuwa da zango. Kaɗan ne ke ƙarasawa bakin teku su ga zaman mutanen wurin. Labarin wannan wata na wani gari ne na bakin teku, sunansa Elmina. Masu garin kuwa Edina suke ce masa.

Elmina na yamma da Akara, tafiyar kilomita 150 da ƴan kai. Garin Kep Kos na kusa da shi, wajen kilomita 12. Harshen Fanti ake yi a garin. Akwai masu noma a ƙauyukan baya, amma mutumin Elmina gonarsa ita ce teku.

Wanda bai taɓa ganin teku ba, sai ya ɗauka babban gulbi ne. Ba haka ba ne. Ba a hangen ƙetarensa. Ruwansa gishiri ne, mutum ba ya sha, bisa ba ta sha. Kuma ba ya zama wuri ɗaya: cikin dare da yini yakan hau sau biyu, ya sauka sau biyu. A Elmina akwai wani tabki mai suna Benya, wanda bakinsa ke haɗe da teku ta wata ƴar mashiga. In teku ya hau, ruwa ya shiga tabki. In ya sauka, ruwa ya fita. An yi gada bisa mashigar. Nan ne zuciyar gari. A bayan tabkin ana tare ruwa cikin fadamu, rana ta shanye shi, a kwashe gishiri.

Dab da gadar akwai wani ƙaton gida fari mai ganuwa. Nasarun Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya. Na Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Cikin ɗakunansa na ƙasa aka riƙa tsare bayi, maza da mata, kafin a zuba su jirgi zuwa Amurka. Shekara ɗaya bayan zuwan Ingila, a 1873, jiragen yaƙinta suka yi wa tsohon garin ruwan wuta saboda ya goyi bayan Asante. Cikin sojan da Ingila ta yi faɗan da su akwai Hausawa. Ba a sake gina tsohon garin a wurinsa ba. Fili ne ya rage gaban ganuwa, jama'a suka koma ƙetaren tabki.

Baƙi daga ƙasashe masu nisa gidan nan suke zuwa gani. Amma wanda ke son ganin masu rai, sai ya tsaya bisa gada da sassafe. Ƙarƙashinsa kwale-kwale ne ɗaruruwa, gefe da gefe, har ba a ganin ruwa. Kowane an shafe shi da fenti, ja da rawaya da shuɗi, an ɗaura masa tutoci, an rubuta masa suna ko addu'a a jiki. Gindin kwale-kwalen daga itace guda ake sassaƙa shi, wani dogon itacen kurmi da suke kira wawa. Ba wawan Hausa ba ne, sunansa ke nan a harshensu. Bisa gindin sai a ƙara katakai, a rataya inji a gefe. Babban kwale-kwale yakan ɗauki mutum ashirin da tarunsu.

Maza ke kamun kifi, amma kuɗin kifi a hannun mata yake. Su ke tarbar jirage da manyan tasoshi, su yi ciniki, su kai gida su yi banda bisa murhun laka. Da yawa cikinsu su ke ba da kuɗin mai da na abinci kafin jirgi ya fita, in ya dawo kifin nasu ne. Wasu ma jirgin kansa nasu ne. Masunta na da sarkinsu, mata masu kifi su ma suna da tasu shugaba, wadda ake jin maganarta wajen yanke farashi.

Ranar Talata

Ranar Talata ba a fita teku. Doka ce ta kaka da kakanni, kuma ba Elmina kaɗai ba, garuruwa da yawa na bakin tekun Gana suna bin ta. Masu addinin gargajiya sun ce ranar ta mai teku ce. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci su ma suna hutawa tare da kowa.

Amma hutun ba na kwanciya ba ne. Gari duka waje yake fitowa. Ana shimfiɗa taru a ƙasa, tsawonsa ya fi gonar wani, maza su jeru suna ɗinke inda ya yage. Masu gyaran inji na gefe, masu fenti na gefe. Yara na buga ƙwallo cikin rairayi, tsofaffi na dara a inuwa. In an yi rigima a teku, ko tarun wani ya hau na wani, ko rabon kuɗi ya kawo gardama, ranar nan ce ake samun kowa a gida, a kai magana gaban sarkin masunta. Kifi ma ya samu kwana ɗaya cikin bakwai ba a bi shi ba. A shekara, kwana 52 ke nan.

Sati shida na shiru

Babban taron garin shi ne Bakatuwe. Ma'anar kalmar, buɗin tabki. Mutanen Gobir da Adar da suka san buɗin daji ba za su sha wuyar gane shi ba: ana rufe wuri, a jira, sannan a taru a buɗe, a kuma duba abin da shekara za ta kawo. Ana yin sa ranar Talata ta farko cikin watan Yuli, wato watan bakwai na Nasara.

Sati shida kafin ranar, sai a kafa doka. Ba mai jefa taru cikin Benya. Ba kiɗa, ba hayaniya. Bukin mutuwa ma a dakata da shi. Wanda ya san Gana ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don can bukin mutuwa taro ne babba, da rumfuna a titi da kiɗa da baƙi daga nesa. Duk da haka gari ya haƙura. Wanda aka kama ya taka doka, tara ce a fada.

Abin lura a nan shi ne, dokar ba ta ɗan sanda ba ce. Kowa na ganin tabkin daga ƙofar gidansa, kowa ya san jirgin kowa. Makiyayin da ke tsaye da garkensa bakin gonaki bayan girbi, yana jiran ranar da za a ce an saki gona, ya san irin wannan jira. Ciyawa na gabansa, dabbobi na kuka, amma rana ba ta zo ba.

Ranar buɗi

Tun hantsi gada ta cika, bakin tabki ya cika, har bisa rufin gidaje da kan tudu mutane ne. Ƴan garin da ke aiki Akara da Takoradi da ƙasashen waje duk sun dawo gida.

Abin da ya fi jan ido shi ne mata. Sukan yi ado da zanen kente da duwatsun wuya, su ɗora wani irin gyaran kai mai tsawo da suke kira tekuwa, an soka masa ƙawar zinariya. Sai su shiga jirage ƙungiya-ƙungiya, suna waƙa suna rawa bisa ruwa, jirgi na tangaɗi ba mai faɗuwa. Samari kuma su yi tseren jirage. An aje inji, sai filafili da ƙarfin damtse. Kowane jirgi da unguwar da ke bayansa, kuma ihun da ake yi bai rage na filin kokowa ba ranar da ake neman takobi. Amma a nan ƙato ɗaya ba ya ci. In hannu ɗaya ya saɓa wa sauran, jirgi ya karkace, na baya ya wuce.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ake kira asafo. A da su ne mayaƙan gari, kowace unguwa da tata. Yanzu ba yaƙi, amma suna nan da tutocinsu da gangunansu da bindigogin gargajiya, kuma su ake kira in aikin gayya ya tashi.

Da rana ta karkata, sai jerin sarakuna ya taso daga cikin gari. Wasu bisa kafaɗun mutane ake ɗauko su, cikin wani abu kamar gado, da manyan laimomi na juyawa bisa kansu. Babban sarki, wanda suke kira Omanhene, farin zane yake ɗaurawa ranar nan, da malfa a kai. Masu tsafi na tafe da abincin da za a ba tabki: sakwarar doya da manja da ƙwai. A bakin ruwa a zuba abincin, a yi roƙon zaman lafiya da yalwar kifi.

Daga nan sai wuri ya yi tsit. Mai tsafin tabki ya shiga ruwa da birgi. Ya jefa sau ɗaya, ya jawo. Ya sake, ya jawo. Ya yi na uku. Dubban mutane sun zuba ido ga abin da ke cikin birgin nan, don sun ɗauka shi ke nuna shekara: in ya fito da kifi da yawa, kakar kifi za ta yi kyau. Bayan jifa ta uku sai bindiga ta tashi. An buɗe tabki, an buɗe kiɗa. Ganguna da suka yi sati shida a rataye su amsa gaba ɗaya, a raka sarki gida, a kwana ana rawa a titi.

Kifin da ake jira

Ba banza aka sa bukin cikin watan Yuli ba. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku, yana ɗauke da abincin kifi. Sai wani ɗan ƙaramin kifi da suke kira eban, dangin sardin na gwangwani, ya taso garke-garke kusa da gaɓa. Shi ne hatsin mutanen bakin teku. Shi talaka ke ci, shi ake banda a kai har arewacin Gana. Abin da masunci ya samu cikin watannin nan uku, da shi zai biya bashi, ya sa yara lakwal, ya ci har baɗi.

To, kifin nan ya ragu ƙwarai. A 1996 abin da aka kama a Gana ya haura tan 130,000. A 2016 bai kai tan 30,000 ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jirage sun yi yawa. Wasu na kunna fitila mai ƙarfi cikin dare don kifi ya taru, wasu na sa taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko ɗan tsako, alhali doka ta hana duka biyu. Sannan ga manyan jiragen kamfani masu jan taru a ƙasan teku. Shekara da shekaru suna kwashe ƙananan kifi, su daskarar da shi, su sayar wa wasu ƴan kwale-kwale a tsakiyar ruwa. Wannan ciniki shi ake kira saiko, kuma haram ne a dokar ƙasar. An ƙiyasta a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai tan 100,000, kuma a lokacin Elmina ce babbar tashar da ake sauke shi. Wato garin da ke hana jefa birgi ɗaya cikin tabki har sati shida, shi ne ya buɗe ƙofa ga masu share teku. Tabkin kansa bai tsira ba: leda da shara sun yi masa yawa, itatuwan bakinsa kuma an sare da yawa don wutar banda.

Wahalar ita ce, lokacin da kifin ke tasowa shi ne kuma lokacin da yake zuba ƙwai. Kama shi da yawa a lokacin kamar cin iri ne ana gobe shuka. Gwamnatin Gana ta so ta rufe teku cikin watan Agusta na 2018, masunta suka ƙi, suka ce tsakiyar kakarsu ke nan, aka fasa. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale wata ɗaya, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni. Daga 2021 zuwa 2024 aka maida rufin watan Yuli. Sai ga abin mamaki: ranar Talata sarki ya buɗe tabki da bindiga da ganga, ranar Laraba jirage na ɗaure, don teku a rufe yake da takardar gwamnati. An raba wa masunta shinkafa da mai, amma da yawa sun ce bai kai ko'ina ba. Mata masu banda su ma murhunsu ya mutu wata guda.

A 2025 gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga rufin, ta bar shi kan manyan jirage, wata biyu, Yuli da Agusta. Cikin shekarar kuma aka yi sabuwar doka wadda ta ture manyan jiragen nesa da gaɓa. A da iyakarsu wajen kilomita 11 ce daga bakin ruwa, yanzu ta koma wajen 22. Abin da ke tsakanin nan na masu kwale-kwale ne. Sai dai tsaron iyaka bisa ruwa ya fi tsaron burtali wuya, don ba a kafa dutse ko a dasa aguwa a teku. Sai da jirgin sintiri, da mai a cikinsa, da ma'aikacin da ba ya karɓar na goro.