Hilux tsohuwa ko sabuwa?

Duk mai neman a-kori-kura ta aiki a Arewa, zancensa yakan ƙare ne a kan Hilux. Sai kuma gardamar da ba ta ƙarewa: ya ɗauki tsohon yayi, wanda Toyota ta ƙera daga 2004 zuwa 2015, 'yan kasuwa ke kira Vigo, ko wanda ya biyo bayansa, Revo?

Ni abin da nake fara tambayar mutum shi ne, ina motar za ta riƙa kwana? In a Abuja ne ko Kano, sayi sabuwar, ka huta. Ta fi daɗin zama, dizal ɗinta mai lita 2.8 kuma ya fi na tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma in hatsi za ta ɗauko daga ƙauye, ko ta riƙa ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku, zance ya sauya. Injin dizal na zamani kwamfuta ke auna masa mai, tana fesa shi da matsi mai tsanani. Ka zuba masa gas ɗin 'yan bumburutu mai ruwa ko datti, nozul ya tafi, kuma kuɗin canza su huɗun sai ya sa mutum zufa. Bakaniken bakin tasha ba shi da na'urar da zai karanta laifin. Kada ma a ruɗe ka: Vigo mai injin dizal na D-4D ita ma kwamfuta ce ke tafiyar da ita. Bambancin kawai, makanikai sun daɗe da sanin halinta, kayanta kuma sun cika Ƙofar Ruwa da Panteka.

Ga abin da dillalai ba sa son faɗa. Mafi yawan Hilux da ke yawo a Najeriya masu fetur ne, lita 2.7, kuma injin nan 2TR shi ne a cikin duka biyun. Ƙarin miliyoyin da za ka biya a kan sabuwar na jiki ne da kujeru. Shan mai kuwa, tun cire tallafi a Mayun 2023, duk biyun suna yi wa aljihu illa.

Tsohuwar ma ba waliyyiya ba ce. Da yawa sun sha lodi fiye da kima a hannun 'yan kwangila, an juya musu mita, an shafe su da fenti. Kafin ka biya, sa bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta ya duba shasi da sifirin na baya, sannan ka zo da sassafe a tayar da ita injin na sanyi, ka tsaya a bayanta ka ga kalar hayaƙin.